Tsakuwa Biyu a Ƙwaryar Milembe

Sau ɗaya tak na taɓa yin faɗa da Milembe 'yar Ndaki, kuma a kan tsakuwa ne. Ranar Asabar ce, kashegarin ruwan farko na shekarar. Na tsallake rafi ruwa har ƙugu, na iske ta a gonar bayan gidansu, ita da uwarta Nyanzobe, suna shuka masara. Ban gaishe su ba.

"'Yar Ndaki, ajiye irin nan ki zo ki buɗe min siton auduga. Tsakuwar jikata tana ciki."

Ta miƙe tana goge hannu a zane. "Kaka Holo, ko gaisuwa babu? Makulli yana wurin sakatare, shi kuwa ya tafi biki birni. Sai Litinin."

"To a fasa kwaɗon."

"In fasa kwaɗon ƙungiyar manoma? Da ƙyar fa suka ba ni aron wurin in koyar da yara. Ranar da na taɓa ƙofar nan, ranar ajin ya mutu."

Na gaya mata jikar tawa Kwangu tana kwance tun jiya, jikinta kamar garwashi, tana ta magana amma da Swahili, ba mai gane ta a gidan. Ubanta ya yi kudu da shanu. Uwarta ba ta jin Swahili ko kaɗan, ni kuwa Swahilina bai wuce na sayen gishiri ba. Mun lallashe ta, mun yi mata tsawa, ta faɗa mana ko kalma ɗaya da Sukumanci, harshenmu na gida, ta ƙi. Sai ta buɗe tafin hannunta ta nuna mana ba komai a ciki.

"Zazzaɓi ne, Kaka. Ku kai ta asibiti. Tsakuwa ba ta taɓa warkar da kowa ba. Wasa ne na ƙirƙiro wa yara."

"Ke kika san wasa ne. Ita shekararta shida."

Sai ta sunkuya ta tsinci wata tsakuwa a kan kunya, ta goge ta, ta miƙo min. "Ba ta wannan, ki ce mata tata ce."

Abin da na faɗa mata a gonar nan ba zan maimaita shi duka ba, don Nyanzobe sa'ata ce, kuma tana tsaye tana ji. Na dai ce mata ta sha bulala shekara bakwai ta fito ba takarda, shi ne ta dawo tana hucewa a kan harsunan 'ya'yan mutane. Duk da haka na karɓi tsakuwar. Kwangu ta juya ta a hannu sau ɗaya, ta girgiza kai, ta sake ta ta gangara ƙarƙashin gado. Ran Lahadi da hantsi muka ɗora ta a keken shanu za mu asibiti. Ba mu kai rabin hanya ba. Har ta cika tana magana, ban kuma san abin da take cewa ba.

Maganar bulala da na yi wa Milembe gori da ita gaskiya ce. A nan Nyasambi aka haife ta, ita kaɗai ta rayu cikin 'ya'ya biyar. Tana da shekara bakwai aka kai ta makaranta, ba ta taɓa jin Swahili ba sai a rediyon mai shago. Malamin wani dogon mutum ne daga bakin teku. Ranar farko ya tambaye ta sunanta, ta tsaya tana kallon bakinsa, ba ta ma san tambaya ce ba. Rana ta uku fitsari ya matse ta, ba ta san yadda ake neman izinin fita ba, ta yi shi a zaune. Haka ta shekara bakwai tana kwafar abin da ke allo kamar mai zanen ƙwarya, tana amsa waƙa da baki ba ta san me take rerawa ba. Jarrabawar ƙarshe ta zo ta wuce ta.

Tana sha biyar aka kai ta aikatau birnin Mwanza, gidan wasu mutanen bakin teku. Matar gidan ba ta da sanda. Takan ɗaga ludayi ta faɗi sunansa, ta ɗaga tsintsiya ta faɗi sunanta, in Milembe ta kawo tsintsiya maimakon ludayi a yi dariya a sake. Wata uku, yarinyar tana ciniki a kasuwa tana rama zagi. Wannan abin ne ya tsaya mata a rai har ƙarshen ranta: abin da shekara bakwai na duka suka kasa, wata uku a madafa sun yi shi. Ta yi aure a can, auren bai daɗe ba, ba ta samu haihuwa ba, ta dawo ɗakin uwarta da akwati ɗaya.

Shekarar da ta dawo wasu mutane suka zo da mota. Suka ce suna neman wanda zai tara yaran da za su shiga aji ɗaya a watan Janairu, ya cusa musu Swahili tun kafin su ga malami: mako goma sha biyu, Litinin zuwa Juma'a, safe zuwa tsakar rana. Maza suka yi ta tambayar abin da za a samu. Milembe ta ɗaga hannu ba ta tambayi komai ba. Suka tafi da ita gari kwana shida, ta dawo da jakar hotuna da littafin waƙoƙi. An koya mata ta fara da harshen gida, ta riƙa janye shi sannu a hankali. Ita kuwa sannun ce ba ta da haƙurinta. Tsakuwa dabararta ce, ba wanda ya ba ta.

Siton auduga ya zauna fanko bayan an kwashe kaya, sai farin ɓurɓushi da ke maƙale a jikin katakon rufi, da ƙugiyar sikeli tana lilo. Nan ta shimfiɗa buhuna. Ranar farko takan kai yaran rafi, kowa ya zaɓi tsakuwarsa ya san ta. Kullum da safe a bakin ƙofa yaro zai kai tsakuwar bakinsa, ya faɗa mata maganarsa ta ƙarshe da Sukumanci, ya hura mata iska, ya jefa ta a ƙwarya. In kowa ya jefa, Milembe ta jefa tata, wata baƙa mai santsi, ta rufe da faifai.

"To, harshen gida ya shiga barci. Kar wanda ya tashe shi sai ya riƙe tsakuwarsa a hannu."

Daga nan sai Swahili. Takan jawo akuya har cikin sito, ta kama kunne ta faɗi, ta kama wutsiya ta faɗi. Ta kawo tukunya, ta kawo fartanya, ta sa su sayar wa juna busasshen dankali na ƙarya. Ba ta taɓa ɗaga hannu ta doki yaro ba. Abu na farko da take koya musu shi ne yadda ake neman izinin fita fitsari. In rana ta take, a buɗe faifai, kowa ya tsamo tasa, surutu ya ɓarke kamar an buɗe akurkin zabi.

Kuma abin ya ci, ba zan hana ta haƙƙinta ba don mun yi faɗa. Janairu na farko shugaban makaranta ya ce a miƙe, 'yan ajin Milembe suka miƙe, sauran suka bi su da ido. Masu motar suka dawo da takardu suna kiran yara ɗaya bayan ɗaya a gindin mangwaro. Ni ban iya karatu ba amma na iya ƙirga shanu: cikin yaranta talatin, ashirin da shida sun amsa abin da aka tambaye su. Cikin na ƙauyen bayan duwatsu, da ba su da irin wannan aji, huɗu. Iyayen da suka ce ɓata lokacin kiwo ne suka fara turo 'ya'yansu da sassafe.

Mu tsofaffi dai ba mu saki jiki ba. A kowane tsakar gida namu akwai 'yan bukkokin kakanni da ba su wuce gwiwa ba, inda muke fesa farau-farau mu kira waɗanda suka riga mu da sunayensu. Wanda ba shi da bijimin da zai keɓe wa kakansa yakan kafa dutse a madadinsa, dutsen kuma ya amsa. Milembe a irin wannan gida ta tashi. Ta san abin da ake nufi in mutum ya hura wa abu numfashinsa ya ba shi amana. Nyanzobe ta taɓa yi mata maganar, Milembe ta yi dariya ta ce, "Inna, kakanni ne za su rubuta musu jarrabawa?"

A shekara ta uku Kwangu ta shiga. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake ce mata Inna, ita kuma ta riƙa aike na kamar gaske. Yarinya ce mai ɗaukar magana yadda aka faɗe ta. Ta ƙaunaci Milembe har tafiyarta take kwaikwayo. Ranar zaɓen tsakuwa sai da kowa ya gama ya tsaya jiranta, tana ta tonon yashi har ta samo baƙa mai santsi, irin ta Malama sak.

Ranar Juma'ar mako na goma hadari ya taso tun kafin lokacin tashi. Iska ta ɗaga kwanon rufi guda. Milembe ta ce kowa ya ruga kafin rafi ya kawo. Yara suka yi wawar ƙwarya, wata babba ta fizgi hannun Kwangu suka fita, sakatare ya zo a guje ya danna kwaɗo. Sauran kun ji shi.

Ran Litinin, bayan an binne ta, Milembe ta karɓi makulli ta shiga sito ita kaɗai. Ƙasa duk ta jiƙe ta inda kwano ya tashi. Ta ɗaga faifai, ta ga tsakuwa biyu, baƙaƙe, suna jingine da juna. A nan ne ta gane ita ma ba ta ɗauki tata ba. Kwana biyu tana shuka, tana hira da uwarta, tana musu da ni da Sukumanci, ko a jikinta, ita da ta kafa dokar. Yarinyar kuwa ta riƙe dokar har cikin keken shanu. Ta kai hannu za ta ɗauka, ta tsaya. Ta juya su, ta kai su wurin haske. Ba ta iya bambanta su ba. Ta mayar da faifan, ta taka sikeli ta ɗora ƙwaryar a kan katakon rufi. Da ta fito sakatare ya yi mata ta'aziyya da harshenmu, ta amsa masa da Swahili.

Mutane suka ce baƙin ciki ne, zai wuce. Da wata ya wuce suka ce girman kai ne. Da shekara ta zagayo suka daina cewa komai. Tana jin duk abin da aka faɗa mata, amma amsa da Swahili take fitowa, a rijiya, a makoki, har a ɗakin uwarta. Nyanzobe ta yi kuka, ta yi zagi, ta kai tunkiya wurin mai duba. Daga ƙarshe suka koma zaman nuni: wannan ta nuna tukunya, waccan ta nuna itace. Shekara goma sha ɗaya suna cin tuwo a akushi ɗaya a haka.

Ajin kuwa bai mutu ba. Ta samo sabuwar ƙwarya, ta ci gaba. Sai dai yanzu takan tsaya a bakin ƙofa lokacin tashi, ko ruwa ake kamar da bakin tulu, ba yaron da zai wuce sai ya buɗe mata hannu ta ga tsakuwarsa. Yaranta suka yi ta cin jarrabawa. Ɗaya yanzu tana allura a asibitin nan da ba mu kai ba.

Amma siton ya sauya. Kowace shekara sababbin yara, waɗanda ba a ma haife su ba lokacin abin, sukan bar gurbin mutum ɗaya a buhun gaba, dama da ƙafar Malama. Ba wanda ya ce su bari. In ta ce su matso, sai su kalle ta su kalli gurbin, su ƙi. In ta ɗaga hoton kaza ta tambayi sunanta, yara su amsa baki ɗaya, takan ji wata amsar ta biyo baya, siririya, kamar ta wanda ya tsaya ya tabbatar tukuna. Ba ta taɓa waiwayawa ba. Sakatare ya ce da tsakar rana, in ya shigo shi kaɗai duba buhuna, yakan ji abu yana gangarawa a cikin ƙwaryar sama, ya kewaya, ya tsaya, alhali ko ganye ba ya motsi a waje. Ya ce ɓera ne. Amma bai taɓa hawa ya duba ba, kuma ranar awon auduga maza masu ihu a kan kilo sukan rage murya in sun zo ƙarƙashin wannan katakon.

A shekara ta goma sha ɗaya idon Nyanzobe ya rufe. Nuni ya ƙare. Da rani ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Milembe tana juya ta, tana ba ta kunu a baki, tana lallashinta da Swahili. Wata safiya tsohuwar ta kama hannun da ke riƙe da ludayin, ta shafa shi.

"Baiwar Allah, ko ke wace ce, na gode. Kin yi min abin da 'ya take yi. Amma ki taimaka ki nemo min Milembe. Ina da 'ya, ta fita tun shekarar ruwan nan ba ta dawo ba. In na isa can aka tambaye ni wa na bari, me zan ce?"

Milembe ta buɗe baki. Kalmar tana nan, Inna, kalmar da ta fara faɗa a duniya. Ta tura ta, ba ta fito ba. Ta sake gwadawa har gumi ya keto mata. Sai a lokacin ta san ba riƙewa take yi ba kuma, an riƙe mata ne. Ta kuma san in tsohuwar ta tafi a haka, ta tafi a kan ba ta da 'ya, kuma ko ta gina mata bukka a tsakar gida ba ta da bakin kiranta, don mutanen can ba su je ajin kowa ba.

Rana tana tsaka ta iso gidana. Ina zaune a inuwa ina ɓarar gyaɗa, na hango ta tana tsallako busasshen rafi da ƙwarya a hannu biyu, kamar mai ɗauke da nono cike. Tun ranar gona ban ce mata komai ba, ba ta ce min ba. Ta durƙusa ta ajiye ƙwaryar a gabana, ta ɗaga faifai. Ƙura ta rufe komai, ban da tsakuwoyin. Suna sheƙi kamar yanzu aka tsamo su daga ruwa.

Ta yi wata magana da Swahili, tana nuna wannan, tana nuna waccan.

"Ni zan zaɓa miki? Ashe akwai abin da Malama ba ta sani ba. Ba ke kika ce duk ɗaya ba ne? Tsinci ko wacce, ki ce taki ce."

Ta sunkuyar da kai. Na bar ta ta daɗe a haka, don ni ma na daɗe. Gaskiyar ita ce ni ma ban sani ba. Can ta rufe ido, ta sa hannu, ta damƙe ɗaya.

Kajin da ke tono a gefena suka tsaya cak. Milembe ta gyara zama, ta miƙe ƙafafu a gaba ta haɗe su, yadda babba ba ya zama. Ta ɗago ta dube ni daga ƙasa. Sukumanci ya fito, amma muryar ba ta mace mai shekara arba'in ba ce.

"Kaka, ƙafata sanyi. Ina ta ce miki ki rufa min ƙafa, ke kuma sai ruwa kike ba ni."

Na kwance mayafina na rufa wa ƙafafun, manya, masu faso, a cikin wannan zafin rana.

"Na rufa, Inna. Kunnen 'yarki ne ya toshe."

"Ke dai ba ki jin magana." Ta ƙara jan mayafin. "Kaka, na riƙe. Ko sau ɗaya ban yi harshen gida ba. Ki gaya wa Malama na riƙe."

Hawaye yana zuba daga idon Milembe, bakin kuwa yana murmushi.

"Ta ji. Ta ce kin fi kowa. Ta ce an tashi, kowa ya tafi gida."

Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin in bar hannun nan a damƙe. Ta tambaye ni jar akuya ko ta haihu, na ce ta haihu, har jikokinta sun haihu. Ta tambayi ko na ajiye mata ƙanzo. Da na so, da ta zauna a inuwar nan har yamma, har gobe, kuma wa zai ce ban da gaskiya? Amma a hayin rafi akwai Nyanzobe, wadda muka ɗebi ruwa tare tun ƙirjinmu bai fito ba, tana kwance tana jiran a nemo mata 'ya. Na san irin wannan jiran.

Na kama hannun na ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ba su yi gardama ba. Tsakuwar tana da ɗumi. Na kai ta bukkar mahaifiyata, mai sunan, na tura ta ciki. Na dawo na juye ɗayar a tafin Milembe na rufe mata yatsu a kai.

Ta yi tari. Ta janye ƙafafunta ta durƙusa sosai. Muryar da ta fito a dushe take, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Kaka Holo, ina wuni?"

"Lafiya lau, 'yar Ndaki. Ya mai jiki?"

Nyanzobe ta ƙara kwana biyu. Maƙwabta sun ce sun ji su ta katanga suna faɗa a kan gishirin kunu, tsohuwar tana ce mata ina ta shiga duk shekarun nan ta bar ta da baƙuwa. Yara suka cike gurbin buhun gaba a shekarar ba tare da an ce musu ba. Milembe ta ƙara damina uku tana aji, ciwon ƙirji ya ɗauke ta. Ni kuwa ƙafa ta hana ni sake tsallake rafi, don haka maganar da na yi mata a inuwar nan, tana miƙewa tana kakkaɓe zane, ita ce ta ƙarshe tsakaninmu.

"Bar ƙwaryar nan, ki ruga tun tana da numfashi. In an buɗe aji bana za a kawo miki ƙanwar Kwangu. Ki koya mata Swahilin nan har ta fi ki, don ba na so ta yi fitsari a zaune. Amma tsakuwarta ni zan ɗaure mata a bakin zane, kuma a nan za ta kwana."